Shafe Biyu na Rawaya

Kafin a fara ce masa Ciyaman, Mai Fenti ake ce masa, kuma sunan farkon ya fi dacewa da shi, don duk rayuwarsa babu abin da ya iya kamar rufe tsaga. A kai shi gaban bangon da ya tsage har yatsa na shiga, sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, “Wannan ai shafe biyu ne.” Ya shafa, ya bari ya sha iska, ya sake shafawa, bango ya yi ta ƙyalli har damina ta gaba. In mai gida ya dawo yana ƙorafi, sai ya ce masa shi fenti aka kira shi ya yi, ba gini ba.

Shi ne ɗan ƙarshe a gidansu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa ce ta goya shi, tana taka keken ɗinki yana barci a bayanta. Ita ta kai shi koyon sana'a, ita ta yi masa aure, kuma da mijinta ya rasu gwiwoyinta suka fara ƙin ɗaukarta, sai ta koma wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan nasa. Ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, amma a bakinta har yanzu Auta ne. Duk unguwar nan ita kaɗai ce ba ta taɓa hango tsaga a jikinsa ba, ba don babu ba, sai don ita ma ta iya nata irin shafen.

Unguwarsu ita ce ta ƙarshe kafin tudu. Daga bayan katangu sai ciyawa da ƙananan itatuwa har iya ganin ido. Da damina abin sha'awa, da rani kuwa ciyawar ta bushe ƙayau, tana jiran guntun sigari. Wata shekara wutar daji ta gangaro ta cinye rumfunan dabbobi da gida guda, sai hukumar kashe gobara ta tara mutane a makarantar da ke bakin titi. Wata jami'a ta yi musu bayani: a share fili mai faɗi tsakanin daji da gidaje, kada a bar ciyawa ko itace a cikinsa, don in wuta ta zo ta rasa abin ci. Shi ake kira layin tare wuta. Sannan a kafa kwamiti, a kafa allo a mashigar unguwa mai nuna yawan haɗari. Ta tambaya ko akwai wanda zai iya zana allon.

Mai Fenti ya ɗaga hannu. Shi ke nan yadda aka yi ya zama Ciyaman. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya sani game da wuta. Yana da buroshi, sauran kuma suna sauri su koma gida.

A ba shi haƙƙinsa, allon ya yi kyau. Rabin da'ira ne aka raba uku, kore da rawaya da ja, da kibiyar katako a tsakiya. Kowace safiya ta rani jami'ar za ta duba zafin rana da ƙarfin iska da bushewar ciyawa, ta buga masa waya ta faɗa masa launi. Aikinsa ya je ya juya kibiya. Aiki ne da akuya za ta iya in an ba ta waya, amma ka ga Ciyaman yana tafiya wajen allon nan, ka rantse zai je buɗe taron ƙasa. Hukuma ta ba shi riga mai ƙyalli da usur. Rigar nan har gidan biki ya je da ita, har gaisuwar mutuwa.

Kore da rawaya ba sa tayar wa kowa da hankali. Ja ne mai magana. In kibiya ta hau ja, babu ƙona shara, kowane gida ya fito da adda da manjagara a sake share layi, tsofaffi da marasa lafiya kuma a sauko da su makaranta ko a kai su wajen dangi a cikin gari tun kafin a ga hayaƙi. Jami'a ta tsaya nan. Ciyaman ne ya ƙara nasa.

Dalilin ƙarin wani makanike ne da garejinsa ke fuskantar allon. Ran da Ciyaman ya fara busa usur, Makanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, “Wa aka ba jan kati?” Mutane suka kwashe da dariya. Ciyaman ya haɗiye, amma bai narke ba. Ya san Makanike na da bishiyoyin gwaiba a bayan gidansa, kuma sun ɗan shiga layi. A taro na gaba ya miƙe ya kawo doka: ran da kibiya ta hau ja, kwamiti na da ikon sare duk abin da ke cikin layi, ba sai an nemi izinin mai shi ba. Aka tafa masa. Ja na farko da aka samu, ya zo da masu injin yankan itace, ya goya hannu a baya, ya tsaya yana kallo aka kwantar da gwaibar nan da 'ya'yanta a jiki.

“Wuta ba ta tambayar na wane ne,” ya ce wa Makanike. “Ni ma ba zan tambaya ba.”

Makanike ya tsinci gwaiba ɗaya, ya goge a riga, ya ci.

Daga nan aka samu shekaru masu albarkar ruwa, kibiya ba ta wuce rawaya ba. A cikin shekarun ne wani da Ciyaman ya yi wa aiki ya ba shi dashen itatuwan turare, irin dogayen nan masu ganye mai mai, da in ka murza yake ƙamshi. Ya jera su daga bayan gidansa har bayan gidan Yaya, a cikin layi tsundum. Da matarsa ta yi magana ya ce ai ƙanana ne. To, turare ba ya daɗewa yana ƙarami. Kafin a ankara sun wuce rufi, Ciyaman ya shafa musu farin fenti daga gindi zuwa ƙugu, ya ajiye kujera a inuwarsu. Baƙo bai isa ya zo gidan ba a zagaya da shi ya gani ba. Busasshen ganye da ɓawo suna ta zuba a kan kwanon rufin Yaya, sun cika indararo, ita kuwa murna take yi ɗakinta ya yi sanyi.

Makanike kan wuce ta wajen, ya ɗaga kai ya duba har sama, ya ce, “Ciyaman, itatuwa sun yi kyau. Allah ya nuna mana ja da rai da lafiya.”

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Ciyawar da ruwan shekarun baya ya ƙosar ta tsaya har kafaɗa, ta bushe. Iska mai zafi ta fara kaɗawa daga bayan tudu. Wata safiya waya ta yi ƙara.

“Ciyaman, yau ja ne,” in ji jami'ar. “Kuma ina jin zai daɗe a nan. A fito a share layi, a sauko da tsofaffi. Unguwanni sun yi mini yawa, sai na samu sarari zan leƙo ku.”

“An gama, ranki ya daɗe,” ya ce. “Ai mu nan kullum a shirye muke.”

Ya ajiye waya, ya fita bayan gida ya tsaya a ƙarƙashin itatuwansa. Ba wuta ya hango ba. Abin da ya hango a ransa shi ne Makanike, da hannu goye a baya, injin yana kuka, unguwa duka ta taru tana kallo. Ya fara ba kansa hujja, kuma Ciyaman bai taɓa rasa hujjar da zai ba kansa ba. Ita jami'ar nan a ofis take zaune, me ta sani game da tudunsu? Hadari ma zai iya haɗuwa gobe. Kuma in an sare itatuwan nan, zafi ai sai ya kashe Yaya a ɗaki. Ka ji fa, har ya mai da abin don Yaya yake yi.

Ƙarya dai ba zai yi ba, shi mutum ne mai mutunci. An ce ya kai kibiya can gefen dama, zai kai ta. Ya ɗauki gwangwanin rawaya da buroshi, ya sa rigarsa mai ƙyalli, ya nufi allo. Ya juya kibiya daidai inda aka ce. Sannan ya tsoma buroshi, ya ja rawaya daga iyakarta ya bi da ita kan ja, a hankali, da hannun gwani, har ta wuce ƙarƙashin kibiya. Ya bar wa ja ɗan siririn yanki a can ƙarshe, kamar yankan kankana na mai rowa. Jan yana ɗan leƙowa ta ƙasa, sai ya jira ya sha iska, ya ƙara shafe na biyu.

Makanike na zaune a kan benci yana shan shayi.

“Ciyaman, me ake yi ne?”

“Rana ta kashe launin. Sabuntawa nake yi.”

“To. Amma na ga jan nan ya rame. Ko ba shi da lafiya ne?”

Masu jiran mota suka yi dariya, suka hau mota suka tafi. Kada wani ya ce mutanen unguwar ba su gani ba. Sun gani sarai. Amma ja yana nufin adda da manjagara cikin rana, da ɗaukar tsoho ana kai shi makaranta yana faɗa, rawaya kuwa ba ta nufin komai. Kowa ya ga abin da ya fi masa sauƙi, ya kama gabansa. Makanike kansa da ya fi kowa baki, yana da lambar jami'ar, amma ya fi son ya zauna ya ga iya gudun ruwan Ciyaman.

Kowace safiya Ciyaman kan leƙa Yaya kafin ya fita. Yakan same ta a bakin gado, ƙafafu a miƙe, keken ɗinkinta a gefen taga an lulluɓe shi da zane. Tun ran taron makaranta ta haɗa jaka ta ajiye a bayan ƙofa, da magungunanta da hoton mijinta da kayan sawa. Ita ta ɗauki maganar kibiyar nan da gaske, tunda Autanta ne ke juya ta.

“Auta, yau ina take?”

“Rawaya, Yaya.”

“Madalla. Zauna ka sha shayi.”

Yana cikin sha wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce da ke aure a cikin gari, muryarta har inda yake zaune.

“Mama, rediyo fa sai magana ake yi. An ce duk gefen tudu mutane su yi hattara. Bari in zo in ɗauke ki, in abin ya lafa sai ki koma.”

“Ke dai da tsoro,” in ji Yaya. “Su na rediyo ƙasa gaba ɗaya suke faɗa. Kawunki kuwa tudunmu yake kallo da idonsa. Ga shi nan zaune, ya ce rawaya. Ran da ya ce ja, ke zan fara kira.”

Ta miƙa masa wayar. Nan ne fa, da akwai sauran wani abu a cikinsa, da ya fito. Kalma ɗaya ce, gajeriya, kuma yarinyar na da mota. Amma in Yaya ta tafi, unguwa za ta tambayi dalili, Makanike zai fara wasa injin. Ya gyara murya.

“Kwantar da hankalinki, 'yata. Muna sa ido.”

Ya fito yana jin wani abu na cizonsa a ƙirji, amma da ya bi ta ƙarƙashin itatuwa ya ga farin fentinsu na haske, sai abin ya sake shi. Haka aka yi ta yi. Jami'a ta ce ja, ya ce an gama. Yaya ta ce ina take, ya ce rawaya.

Wutar ta zo da rana tsaka, lokacin da maza ke wajen aiki. Ciyaman na kishingiɗe a kujerarsa ya ji ƙauri, ya ɗaga kai ya ga hayaƙi ya rufe kan tudu. Kafin ya lalubo usur, wutar ta gangaro cikin ciyawar da ba a share ba, tana ƙara kamar manyan motoci a jere. A bayan gidan Makanike, inda babu ko kututture, ta yi ta lasar ƙasa ta rasa abin kamawa. A bayan gidan Ciyaman kuwa ta tarar an shirya mata tsani. Ta kama ɓawon da ke zube, ta haye farin fenti, ta kai kan itatuwa, suka tashi gaba ɗaya kamar an watsa musu fetur. Garwashi ya fara sauka a kan kwanon Yaya, indararo ya kama.

Kada a yi masa ƙarya, ya nufi gidan. Ya yi taku kaɗan, zafi ya mare shi, ya ja da baya. Ya sake gwadawa, wani reshe ya faɗo a gabansa. Sai ya tsaya a tsakar hanya cikin rigarsa mai ƙyalli yana busa usur, yana busawa, kamar wutar za ta ji ta tsaya. Yana jin muryarta daga ciki, ba ihu take yi ba, kira take yi.

“Auta! Auta!”

Makanike ne ya zo a guje ta ƙofar gaba, yana tura baro, da jiƙaƙƙen bargo a ka. Ya bangaje Ciyaman ya wuce yana zage-zage, ya zagi wuta, ya zagi turare, ya zagi kansa da ya yi shiru. Ya fito da tsohuwar a cikin baro, ƙafafunta na reto, hannunta ɗaya ya ƙone daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Jakar da ta daɗe tana jira a bayan ƙofa tana can, ba a samu damar ɗaukarta ba. Ana tura ta tana waiwaye.

“Ina Auta? Ku duba mini Auta, kada ya shiga nemana!”

Motocin kashe gobara suka iso suka tare wutar a bakin titi, bayan ta cinye ciyawar gindin allo. Gidan Ciyaman ya tsira da baƙin bango. Gidan Yaya ya zama toka, keken ɗinkin da ya goya Ciyaman ya koma ƙarfe a lanƙwashe.

Washegari da hantsi Yaya ta ce sai ta ga gidanta da idonta. 'Yarta ta ɗauko ta daga asibiti, hannu a naɗe. A mashigar unguwa mota ta kasa wucewa saboda taro. Mutane sun kewaye allo, jami'ar na tsaye a gabansa. Zafin jiya ya dafa sabon fentin, rawayar ta kumbura ta yi ƙuraje, tana ɓarewa. Jami'ar ta sa makullin mota ta ɗaga gefe ɗaya, ya taho kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Ga ja nan a ƙasa, tsohon fenti mai kyau, ga kibiya a tsakiyarsa.

Ciyaman yana ta bayani. Shi fa ya sa kibiya inda aka ce, kowa shaida ne. Launi ne ya ɗan zarce, kuma ai kowane mai sana'a hannunsa kan zarce. Mutanen da suka yi ta wuce allon nan suna dariya, yau su ne masu salati da tafa hannu, kowa na rantsuwa bai lura ba.

Yaya ta sa aka sauke gilashi. Ta daɗe tana kallon allon. Ta san hannunsa, ita ta saya masa buroshinsa na farko. Ya hango ta, ya taho da sauri ya durƙusa a gefen mota.

“Yaya, ya hannun? Wallahi na yi ƙoƙarin shiga, zafi ne ya...”

“Shafe nawa ka yi?”

Bai taɓa iya yi mata ƙarya a kan aikin fenti ba, a nan kaɗai yake da gaskiya.

“Biyu, Yaya.”

Ta gyaɗa kai.

“Aiki ya yi kyau. Sannu da ƙoƙari, Ciyaman.”

Ta ce wa 'yarta ta juya mota, ta fasa ganin gidan.

Kwamiti ya karɓe riga da usur. Allon yanzu jami'ar ta sa an yi shi da ƙarfe mai launin da ba a shafawa. Kututturan turaren suna nan a bayan gida, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafa musu fari, don baƙinsu na ɓata masa gani. Unguwa ta koma ce masa Mai Fenti, har yara.

Yakan kira gidan 'yar Yaya da safe, a kai wa tsohuwar waya. Ba ta taɓa ƙin karɓa ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

“Wa ke magana?”

“Auta ne, Yaya.”

“Au, Ciyaman. Ina kwana? Ya iyali?”